Liman Ya Tafi Makaranta

Kura,
Jihar Kano.

Zuwa ga Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, mota ba ta jijjiga ki ba, kuma kin tarar da 'ya'yan mutanen kirki a ɗakin da aka ba ki. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka, ko da yake su za su yi sallamarsu da baki.

Ni ce ba zan iya ba. Na san gobe a tasha ba abin da zan ce miki sai "ki kula da jakarki", in juya kamar ina neman wani abu a ƙasa. Ke 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata kika ci. Tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki na yanka ba, ban taɓa yabonki a gaban mutane ba, in ma wani ya yabe ki sai in ce a bar zancen. Haka muka taso muka tarar, ban kuma yi da-na-sani ba. Amma takarda ba ta da ido, ba na jin nauyinta. Shi ya sa na zauna na rubuta, na tura ta ƙasan akwatinki ƙarƙashin zannuwa, don kada ki gan ta sai kin isa makarantar koyon jinyar.

A kusurwar farin ƙyallen da na naɗe takardar akwai ƙulli. Na san da kin ɗaga za ki gane abin da ke ciki, domin hannunki ya san nauyinsa. Kada ki kwance tukuna. Ki bari sai kin kai ƙarshe.

Kin san abin da mata ke kirana da shi daga nan har Bunkure: Ladi mai azurfa. Sana'ata turara shinkafa ce, da ita na yi muku sutura, amma ba da shinkafa aka san ni ba. An san ni da tsofaffin kuɗin azurfa da nake tarawa, da kuma kunnen da ke bambanta na gaske da jabu. Abin da ba ki sani sosai ba shi ne yawan wautar da na tafka kafin in kai nan. Ita nake so in ba ki yau, don kada ki sake biyan abin da na riga na biya.

Kakarki, Innata, makitsiya ce. Matan Fulani na rugagen da ke kewaye da mu wurinta suke zuwa ta saƙa musu sulalla da liyari a cikin kitso. Liyari shi ne babban kuɗin nan mai faɗi, mai kan wata mace a gefe guda da tsuntsu mai kai biyu a ɗaya gefen, wanda fatake suka riƙa shigowa da shi tun kafin zuwan Turawa. Yawan taɓa su ne ya koya wa Inna jin muryarsu. Takan ɗora kuɗi a kan ɗan yatsa, ta buga gefensa da wani sule, ta kai kusa da kunne. Azurfar gaske in an buga ta amonta yana da wutsiya, yana tafiya siriri yana nisa kafin ya ɓace. Jabu kuwa, wanda aka haɗa da dalma, da ya ce "ƙas" ya mutu. Tana da liyari guda da ba ta rabuwa da shi. Shi take fara bugawa kullum don kunnenta ya tuna yadda gaskiya take, sannan ta buga wanda aka kawo. Ta sa masa suna Liman, wai don shi ke fara ɗaga murya, sauran su bi. Babanki har yau in ya ji sunan sai ya ce, "Astagfirullah, ku dai mata ba abin da kuka bari." Amma shi ma haka yake kiransa.

Wautata ta farko na yi ta ina yarinya, shekarun da ake haƙa babban kanal ɗin da muke noman rani da ruwansa. Katafila ta bi ta kan wani tsohon kufai ta tone ƙasa, mu yara muna bin bayanta muna tsintar guntayen kasko. Nan na ci karo da wani abu baƙi ƙirin, mai nauyi. Na tofa yawu na goga da yatsa, sai ga hancin mace. Da na kai wa Inna a yadda yake, da shi ke nan. Amma na so in kai mata shi yana walƙiya ta yaba mini. Na ɓuya bayan rumbu da toka da lemon tsami da yashi, na yi ta dirza kamar yadda muke yi wa tasar tagulla a jajibirin salla. Da na gama ya yi fari tas, har ina ganin idona a ciki. Na ruga na miƙa mata.

Ta juya shi, ta sake juyawa. Ta ce, "Ladi, ina 'yan duwatsun kafaɗarta?"

Na ce, "Waɗanne duwatsu, Inna?"

Ta ɗauko Liman ta nuna mini. A kafaɗar matar akwai wani ɗan ado da ƙananan ɗigo-ɗigo kewaye da shi. Da su ake gane ko kuɗi ya sha hannu ko bai sha ba. Nawa kuwa yashi ya cinye su, ya bar zane-zane kamar kaza ta yi tono. Baƙin nan da na ɗauka dauɗa ce, wanda ya kwanta a cikin lungunan rubutun, ashe shi ne shaidar daɗewarsa a duniya.

Inna ba ta doke ni ba. Cewa kawai ta yi, "Kin wanke masa shekarunsa. Yanzu ba wanda zai saye shi sai maƙeri."

Yana nan har yau a cikin adudu, kin san shi, shi ne wanda kuke wasa da shi kuna yara. To, Uwani, za ki zauna da 'ya'yan birni, za su yi dariyar yadda kike magana, za su tambaye ki ko a garinku akwai wani abu ban da shinkafa da tumatir. Ki yi wankanki, ki goge kayanki, ki koyi Turancin nan har ki fi su. Amma kada ki zauna bayan rumbu kina dirje Kura daga jikinki don wani ya yaba. In malama ta tambaye ki sana'ar mahaifiyarki, ki ce tana turara shinkafa, ki faɗa da muryar da na baya zai ji.

Ta biyun ta fi ciwo, domin na yi ta da hankalina, bayan Inna ta rasu, kina goye a bayana. Ta bar mini Liman da wasu kuɗi a ƙulle. Cikinsu akwai dalolin Faransa masu mutum uku a tsaye, waɗanda mahaifinta ya zo da su daga Damagaram. Sai bikin wata ƙawata ya taso. Duk 'yan zaman amarya suna da awarwaron azurfa, ni ba ni da shi. Ban yi shawara da kowa ba, na ɗauki dalolin na kai wa wani tsohon maƙerin fari a Bunkure, irin masu ƙera zobe da munduwa.

Ya dube su, ya dube ni. Ya ce, "'Yar nan, kin tabbata? In na zuba mutanen nan a kasko, ba mai fito miki da su."

Na ce, "Baba, ni dai a yi mini mai murɗi."

Ya ce, "Na wane ne?"

Na ce nawa ne. Ya girgiza kai ya hura wuta. Ina tsaye ina kallo mutum ukun nan suka lanƙwashe suka zama ruwa.

Na yi ado a bikin, an ce ya yi kyau, aka watse. Kafin damina ta faɗi, ina wanki a bakin kanal, hannuna duk sabulu, awarwaron ya zame ya tafi. Babanki ya shiga ruwa har wuya bai same shi ba. Da ya fito yana ɗiga sai ya ce, "To, yau kifin kanal ya fi ki ado." Na yi dariya a gabansa, na shiga ɗaki na yi kuka. Ba awarwaron nake wa kuka ba. Na tuna yadda Inna ke ba ni labarin mahaifinta da jakunansa duk lokacin da ta fito da dalolin, na ga yanzu ba abin da zan ɗora a tafin hannunki in ba ki labarin. Na daɗe ina nema kafin in sami irinsu guda, shi ma duk ya siɗe, da ƙyar ake gane mutanen.

Don haka duk abin da in an yi shi ba ya komawa yadda yake, kada ki yi shi saboda taron yini guda. Ki tambayi kanki ko za ki so shi bayan an watse. In wani babba ya dube ki ya ce "kin tabbata?", kada ki ba shi amsa a tsaye. Ki koma ɗaki tukuna.

Ta ukun ke ce shaida, kuma na san kina tunawa kina murmushi. Wani dillali daga kasuwar Kurmi ya zo da liyari, ya nuna mini lambobin da ke gefen tsuntsun, ya rantse cewa shekarar da aka buga shi ke nan, ya girmi kakan kakana, babu irinsa a ƙasar Kano. A lokacin ban iya karatun boko ba. Na ba shi tunkiyata mai ciki. Na yi ta nuna wa mata ina cewa wannan shi ne babban yayansu. Kina aji ɗaya na sakandare, wata ranar Asabar na shanya su a tabarma, kika tsuguna kina bin su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Can kika ce a hankali, "Inna, ai duk shekara ɗaya ce a jikinsu. Har Liman."

Na ce, "Ke da aka haifa jiya, me kika sani?"

Ranar Litinin kika tambayi malaminku na tarihi, kika dawo kika tsaya a bakin ƙofa kina murza gefen hijabi, kika gaya mini cewa an daɗe ana buga liyari a ƙasashe daban-daban ba tare da an canza shekarar ba, don mutane ba sa karɓa in ba ita suka gani ba. Ashe lambar ba ta faɗin tsufa. Ban ce miki na gode ba. Na ce ki je ki duba tukunya. Amma a makon nan na sa sunana a ajin yaƙi da jahilci na mata, kuma ke kika riƙa gyara mini baƙaƙe a bayan murhu. Hannun da ke rubuta miki wannan takarda ke kika miƙar da shi.

Kunne yana da iyaka, Uwani. Ya gaya mini liyarin dillalin azurfa ne, kuma gaskiya ne, amma bai iya gaya mini an cuce ni ba. Ki riƙe littafinki da kyau. Kuma in ƙaramin da bai kai ki ba ya gyara miki abu, kada ki tura shi duba tukunya.

Yanzu ga wadda ta fi zauna mini a rai. Lokacin da sunana ya fara tafiya, nakan je kasuwar Bunkure in zauna a gindin bishiyar da masu nono ke sauke ƙore. Mata su kewaye ni, kowa ta miƙo nata, in buga in yanke hukunci, a yi ta shewa. Daɗin abin ya shiga kaina. Akwai wata Bafulatana, Dudu, wadda muke sayen man shanu wurinta, mace mai kamun kai. Tana da wani babban liyari a kitsonta, daidai saman kunne, tun da na san ta yana nan. Ita ba ta taɓa miƙo mini shi ba. Ran nan da aka gama da na kowa, na ce, "Dudu, kawo naki mu ji muryarsa."

Ta ce, "Bar shi, Ladi. Na Innata ne."

Na ce, "Ai shi ya sa. Na da can sun fi amo." Mata suka taya ni, "Kwance mana, Dudu, ko tsoro kike?"

Ta kwance ba da son ranta ba. Na buga Liman, amonsa ya tafi. Na buga nata, ya ce "ƙas". Da na yi shiru na mayar mata da ya wuce. Sai na ɗaga shi sama na ce, "Wannan ai dalma ce! Ƙwaryar nononki ma ta fi shi murya." Aka fashe da dariya. Dudu ta karɓa, ta tsaya a wurin ta saƙa shi cikin gashinta ba gaggawa, ta ɗora ƙwaryarta a ka ta tafi. Ba ta sake sauka a gindin bishiyar ba. Na ji an ce ta koma cin kasuwar Madobi, wadda ta fi mata nisa.

Sai bayan girbi na iya taka ƙafata zuwa rugarsu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini fura kamar ba abin da ya faru. Na fara ba ta haƙuri ina cewa wataƙila wani ne ya cuci mahaifiyarta. Ta ce, "Ba wanda ya cuce ta. Shekarar da ciwo ya kashe mana shanu, ta sayar da na gasken ta saya mana dawa. Ta sa maƙeri ya yi mata wannan don kada dangin Baffa, mahaifina, su gane. Ni kaɗai ta gaya wa. Na sani, Ladi. Tun ina yarinya na sani."

Ban yi kuskure a kan kuɗin ba, dalma ce. Amma a duk abin da ya taɓa ratsa hannuna ban riƙe wanda ya kai shi daraja ba, kuma na ɗaga shi sama don a yi dariya. Daga ranar na daina zama a gindin bishiya. Mai son jin gaskiyar kuɗinta ta zo gida, mu shiga ɗaki mu biyu, in tambaye ta na wane ne kafin in buga. Ke kuma aikin da za ki koya, kullum za ki riƙa sanin abin da ke jikin mutum kafin shi ya sani, ko abin da ya sani yake ɓoyewa. Kada ki faɗa daga bakin ƙofa. Ki ja labule, ki matso kusa, ki rage murya.

Na rubuta wannan shawarar ne don ta cika, amma na san ba kya bukatarta. Ga dalili.

Kin tuna watan jiya da Gwaggo Talatu, tsohuwar nan ta unguwar gabas, ta kawo liyari da fataka, 'yan sule bibbiyun nan, na gadonta? Tana so ta sayar ta taimaka wa ɗanta ya sayi injin ban-ruwa, ta ce ba za ta kai wa dillali ba sai na faɗa mata abin da ke hannunta. Muna zaune a rumfa. Na buga, na kai kunne, ban ji wutsiya ba. Na sake bugawa, shiru. Har na buɗe baki zan ce mata ta yi haƙuri. Da na faɗa, da ta kai wa maƙeri ya saya a kuɗin dalma, don ba ta da wanda ta yarda da shi sama da ni. Ke kina gefe kina tsince shinkafa. Kika taso da kofin ruwa kika durƙusa, kika ce, "Inna, injin nan na maƙwabta ya cika ƙara. Ko ku shiga ɗaki?" Muka shiga. Kika biyo mu da tabarma, kika ɗauki liyarin kamar mai wasa, kika buga, kika ce, "Kai, Inna, ji wutsiya! Kamar ƙanin Liman." Kika ajiye kika fita.

Na ce wa Gwaggo Talatu kuɗinta na gaske ne, na gaya mata kada ta sallama wa mai tayin farko. Ta tafi tana sa mini albarka, tana cewa kunnen Ladi ba ya ƙarya. Ke kuma na fito na yi miki faɗa wai kin bar kaji suna cin shinkafa.

Washegari da rana aka ɗauke wuta, injinan unguwa duk suka yi shiru. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na ɗauko Liman na buga. Na ji bugun. Wutsiyar ce ban ji ba. Na juya ɗaya kunnen, haka. Liman da na sani tun ina goye a bayan Inna ya ce mini "ƙas" kamar dalma. Na san ba shi ne ya canza ba. Shekarun da na yi ina tsayuwa a bakin injin casa ina jiran buhunana su ne suka karɓi rabonsu. Maganar mutane ina ji, kiran salla ina ji, amma siririn nan ya tafi.

Sai na riƙa tuna abubuwa. Tun bara, duk ranar da mace ta kawo kuɗi, sai ki sami wani aiki kusa da rumfa. Ko tsintar shinkafa, ko ninke wanki. Sai ki yi tari, ko ki ce "Inna, sake bugawa in ji, daɗi gare shi." Ashe kin riga ni sani. Kin sani kika rufa mini asiri, ba ki gaya wa babanki ba, ba ki gaya wa ƙawa ba, ni kaina ba ki gaya mini ba. Abin da sai da na kunyata Dudu a kasuwa na koya, ke ba wanda ya koya miki.

Uwani, ina alfahari da ke. Na rubuta, ga shi nan, ba zan goge ba. Na yi alfahari ranar da sakamakonki ya fito babanki ya riƙa yawo da takardar a aljihu har ta yi laushi. Na yi alfahari da aka ce a duk unguwarmu ke ce mace ta farko da za ta tafi koyon jinya. Amma duk ba su kai na ranar Gwaggo Talatu ba.

Sauran kuɗin suna nan a adudu, kowanne a naɗe cikin tsummansa: sulalla da fataka masu bishiyar kwakwa, riyalan Makka masu rubutun Larabci da alhazan ƙafa suka dawo da su, da masu huda waɗanda na karɓa hannun Fulani. Naki ne ke da ƙannenki. Dillalan Kurmi za su zo, kamar yadda suke zuwar mini, yanzu ma har a wayar babanki suke kira. Za su ce miki mai huda ba shi da daraja. A wurinsu haka ne, suna rage masa kuɗi, amma ni na san kan da kowanne ya zauna, kuma zan faɗa miki ki rubuta. In wata rana bukata ta kama dole, ki fara da waɗanda ba mu san masu su ba. Kada ki wanke ko ɗaya. Kada ki ba da azurfa a kan za a kawo kuɗi gobe, malamai sun ce hannu da hannu ake cinikinta. Kuma kada ki bari a kai ko guda wuta.

Ga roƙona. Ban ce ki bar karatunki ba, ko kusa. Amma matan nan ba su da inda za su. In babu mai gaya musu gaskiya, dillali zai buga kuɗinsu a kan tabarma inda ba ya amo, ya ce jabu ne, su sallama. Aikin nan daga Inna ya zo hannuna, ba a biyanmu komai sai albarka, kuma ba na so ya ƙare a kunnena. Ƙannenki na gwada su, Sani ya ce duk ƙarar ɗaya ce, ƙaramar kuwa so take ta saya alewa da su. Ke ce mai kunnen. In kin ga nauyin ya yi miki yawa, ki dawo mini da abin da ke cikin ƙullin ranar hutu, ki ajiye a adudu, ba zan tambaye ki dalili ba. In kuma kin karɓa, ki riƙa buga shi duk Juma'a don kunnenki kada ya manta, kuma ki nisanci abin nan da 'yan makaranta ke toshe kunne da shi suna jin waƙa.

Ni dai na gama nawa. Ba zan sake yanke wa kowa hukunci da kunnen da na san ya mutu ba. Jiya wata mata ta aiko daga Dawakin Kudu tana so ta kawo na kakarta. Na ce a gaya mata gaskiya, kunnen Ladi ya tsufa. Ɗan aiken ya ce, "To wa za ta kai wa?" Na ce, "Ta adana abinta, kada ta wanke, kada ta sayar. Liman ya tafi makaranta, sai an yi hutu." Babanki yana alwala ya ji, ya ce, "Wace makaranta kuma?" Na ce ta koyon jinya. Ya ajiye buta, sannan ya ce, "To, Allah Ya ba su sa'a su biyun."

Allah Ya yi miki albarka, Uwani. Ya buɗe miki ƙirji ki fahimci abin da za a koya miki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya. Ya haɗa ki da abokan zama nagari, Ya raba ki da masu kai mutum ga nadama. Ya tsare miki mutuncinki da sallarki da lafiyarki, Ya tsare miki jinki da ganinki. Ya dawo mana da ke lafiya, mu ma Ya sa ki same mu lafiya. Amin.

Yanzu ki kwance ƙullin, Liman ne a ciki. Na haɗa miki da sulen bugu. Ki jira ɗakin ya yi shiru, ki ɗora shi a kan yatsa, ki buga. Ki saurara har inda wutsiyar ta ƙare, kada ki sauke hannu da wuri. Rabin naki ne, rabin kuma ki ji mini.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Ladi